Mun rabu lafiya, ya ce zai ba ni kaso a fanshonsa: in jira ko in kai ƙara?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan cikin birnin Kano, shekaruna 46. Mun yi shekara 23 da mijina, 'ya'yanmu huɗu. Biyu sun girma, saura namiji ɗan shekara 13 da autarmu mace 'yar shekara 9. Wata biyar da suka wuce muka rabu, saki ɗaya, babu faɗa babu kotu. Zaman ne ya ƙi daɗi, iyaye suka yi iya ƙoƙarinsu har suka haƙura. Na gama idda, ina gidanmu da ƙananan yaran biyu. Shi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, saura shekara huɗu ya yi ritaya. Ranar da ya ba ni takardata ya ce a gaban yayana: "In na karɓi kuɗin fanshona kashi ɗaya cikin uku naki ne, saboda wahalar da kika sha da ni." A 2012 na sayar da filin da na gada wajen mahaifinmu naira 900,000, na ba shi aka yi rufi da filasta na gidan da yake ciki yanzu, ba mu rubuta komai ba. To ga shi na ji zai yi aure. Wata ƙawata da ke zaune a Ingila ta ce ai rabin fanshon nawa ne a doka, yayana kuma ya ce mu kai ƙara tun amarya ba ta tare ba. Ni kuwa ba na son tashin hankali da uban 'ya'yana. Me ya kamata in yi?

Uwar 'ya'ya huɗu, daga Gwale

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanyaya miki zuciya. Shekara 23 ba wasa ba ce, kuma a ce an rabu bayan wannan tsawon zama ba tare da an tona wa juna asiri ba, ku biyun kun yi abin a yaba. Wannan mutuncin da ya rage a tsakaninku shi ne babban jarin da kike da shi a wannan magana, da shi za mu yi aiki.

Bari in fara da ƙawarki. Ba ƙarya ta yi miki ba, dokar inda take ta faɗa. A Ingila tun daga ƙarshen shekarar 2000 kotu tana da ikon yanke wani kaso daga fanshon miji ko na mata idan an rabu, a mayar da shi da sunan ɗayan, a Amurka ma suna da irin wannan umarnin kotu. Mu nan ba haka ba ne. A Najeriya dokar da ta ba alƙali damar duba dukiyar ma'aurata ya daidaita ta bayan rabuwa ita ce dokar shari'o'in aure ta 1970, ita kuwa ta shafi auren da aka ɗaura a rajista ne kawai. Naku da waliyyai da sadaki da shaidu aka ɗaura shi, don haka kotun shari'ar Musulunci ce ke da hurumi a kansa, a bisa mazhabar Malikiyya. A can dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce, aure ba ya cakuɗa su, saki kuma ba ya raba su biyu. Kafin ki ji haushin wannan, ki tuna ke ma kina da fansho. Kuɗin da ake yanka a albashinki duk wata yana tafiya Asusun Fansho na Jihar Kano, wanda aka kafa da dokar 2006, kuma wannan ƙa'idar ce ta hana baban yara ya ce yana da ko sisi a ciki.

Shi kansa kuɗin da ya yi miki alƙawari a kai, ya kamata ki san yadda yake. Tun gyaran dokar fansho na 2004, wanda aka sake sabuntawa a 2014, ma'aikacin tarayya yana da asusu na kansa a wani kamfanin fansho, ƙarƙashin sa idon hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Ana yankar kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ƙara kashi 10. Asusun sunansa kaɗai yake ɗauke da shi, kuma ko shi mai asusun ba zai je gobe ya ce a ciro masa kashi ɗaya cikin uku ya miƙa miki ba. Idan ya yi ritaya ma ba dunƙule kuɗin ake yi a zuba masa a banki ba. Wani kaso ake ba shi a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata, ko ta hannun kamfanin fanshon ko ta hannun kamfanin inshora. Girman na dunƙulen ya danganta da abin da ya taru da shekarunsa da albashinsa na ƙarshe. In kuma ya fara aiki kafin 2004, akwai haƙƙinsa na tsohon tsari da gwamnati za ta zuba a asusun tukuna, wanda masu ritaya da dama sun sha zaman jiransa. Ke da kanki kin ga yadda tsofaffin malamai suka yi ta sintiri kan garatutinsu a jihar nan, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta gaji bashin sama da naira biliyan 48.

To sai in tambaye ki: kashi ɗaya cikin uku na me? Na kuɗin dunƙulen, ko har da na wata-watan da zai ci abinci ya sayi magani da shi har ƙarshen rayuwarsa? Ina kyautata zaton shi ma bai tsaya ya yi wannan lissafin ba. Magana ce ta fito daga zuciyar mutumin da ya san an yi masa halacci, a ranar da jikinsa ya yi sanyi. Ban ce yaudararki ya yi ba. Amma shekara huɗu lokaci ne mai tsawo. Amarya za ta shigo da nata haƙƙin, wataƙila ta haihu, ga kuɗin makarantar manyan yaranku, ga ciwon da shekaru kan zo da shi, ga rai da ba a hannun kowa yake ba. A fiƙihun Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka yi wa ya karɓe ta a hannu. In mai kyautar ya rasu, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a karɓa, ta ɓaci. Ke kuma tunda idda ta ƙare ba kya cikin magadansa. Da a ce yau ta Allah ta kasance, abin da ke asusun nan na iyayensa ne in suna raye, da matar da ya bari, da 'ya'yansa. Ke sai dai ki tsaya gefe da maganar baka da shaida guda ɗaya, wanda kuma yayanki ne.

Shi ya sa nake so ki ɗauke idonki daga kan fanshon nan na ɗan lokaci, ki dubi filin mahaifinku. A duk wasiƙarki nan ne haƙƙinki mai ƙarfi yake, amma kin ambace shi a layi ɗaya kin wuce kamar ba komai ba.

Ki zauna ke kaɗai ki tuna abin da kuka ce wa juna ranar da kika miƙa masa kuɗin nan, ki faɗa wa kanki gaskiya tsakaninki da Allah, don hukuncin ya rataya ne a kan wannan. In kin ce "ga shi na ba ka, Allah Ya sa albarka," kyauta ce, ta wuce, ladanki yana wurin Allah. In kin ce "ara na yi maka, in ka samu ka mayar," rance ne, yana wuyansa, saki bai sauke shi ba, mutuwa ma ba za ta sauke shi ba. In kuwa maganar ita ce "mu haɗa mu gina gidanmu," to tarayya ce, kina da kaso a cikin ginin gwargwadon abin da kuɗinki ya yi a ciki. Tsakanin rance da tarayya akwai tazara mai yawa. A 2012 dala ɗaya ba ta kai naira 170 ba, a 2024 ta haura 1,500. Naira 900,000 da ta rufa gida ta yi masa filasta a wancan lokacin, yau ba za ta yi ko kusa da wannan aikin ba. A rance, maganar mafi yawan malamai ita ce adadin da aka karɓa shi ake mayarwa, mai ba da rance ba zai shardanta ƙari ba, sai dai wanda ya ci bashin ya ƙara don kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biyan bashi. A tarayya kuwa gidan ake kimantawa da darajarsa ta yau, a fitar da kasonki. Matan Kano nawa ne suka sayar da sarƙa da ɗan kunne, suka kwashe adashe, suka rabu da gadon uba aka zuba a bulo da kwano, ranar rabuwa suka fita da akwati da kwanukan abinci? Abin nan yana ci mini rai, kuma mafi yawansu ba mugunta aka yi musu da gangan ba, kunya ce ta hana su cewa a rubuta.

Ki fara tattara abin da zai tsaya miki. Takardar cinikin filin, ko kwafinta a hannun wanda ya saya. Dillalin da ya yi cinikin da mai unguwar da ya sa hannu. In ta banki kuɗin ya bi, ki je ki nemi bayanan asusunki na shekarar. Magini ko kafintan da ya yi rufin, in yana nan, ya san lokacin da aiki ya tsaya da lokacin da kuɗi ya zo aka ci gaba. Ba don ki kai ƙara nake cewa ki tara su ba. Don in an zauna, kowa ya ga maganar tana da tushe, shi ma ya samu abin nunawa ga danginsa da amaryarsa idan aka tambaye shi dalilin da ya sa yake biyan tsohuwar matarsa kuɗi.

Sai haƙƙin yara, wanda ba ya jiran ritaya. Riƙonsu a hannunki yake, namijin har ya balaga, macen har ta yi aure ta tare, muddin ba ki auri wanda ba muharraminsu ba, in hakan ta faru ma mahaifiyarki ce ke biye da ke. Cinsu da suturarsu da maganinsu da makarantarsu duk a kan mahaifinsu suke. Ba ki ce mini yana bayarwa ko ba ya bayarwa ba. In yana bayarwa, a tsayar da adadi da rana. In sai kin aika an karɓo, a daina wannan, ya sa bankinsa ya riƙa turowa kai tsaye duk ranar da albashi ya shiga, a kuma amince za a sake duba adadin duk shekara saboda tsadar kaya. Ki tabbatar sunan ƙananan biyun yana nan a inshorar lafiyarsa ta wurin aiki.

Yanzu mu dawo kan alƙawarin. Yana da gurbi a addini, ba roƙo ba ne in kin karɓa. Allah Ya ambaci kyautar da ake yi wa matan da aka saki a Suratul Baƙara, aya ta 236 da ta 241, mai yalwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci gwargwadon ƙuncinsa. Malaman Malikiyya sun ɗauke ta a matsayin abin so ga miji, ba abin da alƙali zai tilasta ba, wasu mazhabobin sun wajabta. Baban yaranki ya yi niyyar raya abin da mazan garin nan da yawa suka manta da shi, sai a taimaka masa ya cika. Hanyar taimakon ita ce a sauko da maganar daga "kashi ɗaya cikin uku in na karɓa" zuwa wani abu mai suna da adadi da lokaci. In yana da wani fili ko shago, ya ba ki yanzu, a sauya takarda, ki karɓa a hannu. In ba shi da shi, a yanke adadi, ya fara biya kaɗan-kaɗan daga albashi tun yana aiki, ragowar ya cika ranar da aka ba shi kuɗin dunƙule. Ko da abin da za ki samu ta wannan hanya bai kai abin da kike hange ba, ki karɓa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da ya rage bai biya ba, yana iya rubuta miki shi a wasiyya, tunda yanzu ke ba magajiya ba ce, wasiyya ta halatta gare ki matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Sai dai ki sani mai wasiyya yana da ikon janye ta duk ranar da ya so.

Akwai wata dabara da wani zai iya kawo muku, ina roƙonki kada ki yarda: a haɗa kyautar da kuɗin filin a rubuta duka a matsayin bashi, saboda bashi ake fara fitarwa kafin wasiyya da gado. Gaskiya ne bashi ke gaba: Suratun Nisa'i ta sa shi kafin rabon gado, malamai kuma sun haɗu a kan yana gaban wasiyya. Amma rubuta abin da ba bashi ba da sunan bashi cin haƙƙin magada ne, kuma huɗu daga cikin magadan nan ke kika haife su. A rubuta kowanne da sunansa. Kuɗin fili daban, ciyar da yara daban, kyauta daban.

Kuɗinsa na wata-wata bayan ritaya kuwa, shawarata ki bar masa. Fanshon ma'aikaci a ƙasar nan ba ya kai albashinsa, mutumin zai kasance ya tsufa, kuma duk ranar da ya gaza 'ya'yanki ne za su ɗauki nauyinsa. In kin ce masa da bakinki, ko ta bakin wakilinki, "na wata-watan na yafe, a tsaya kan kuɗin fili da abin da ya sawwaƙa," za ki ga yadda sauran maganar za ta yi sauƙi.

Batun wanda zai je da maganar yana da muhimmanci. Yayanki yana ƙaunarki, zafinsa na kishin 'yar'uwa ne, amma wanda ya riga ya ambaci kotu ba shi ne zai buɗe zaman sulhu ba. Ya zo a matsayin shaidar abin da ya ji da kunnensa. Jagoran zaman ya zama dattijon da baban yara yake jin nauyinsa, kawunki ko baffanki, ko wanda ya yi masa walicci ranar ɗaurin aurenku, ko limamin unguwarsu. Kada a shiga da "mun ji za ka yi aure." Auren nan halal ne, amaryar ba ta ci miki komai ba, kuma da zarar an sako ta maganar ta koma kishi, kowa ya ja daga. A shiga da cewa rai da mutuwa na Allah ne, kai ka yi magana ta alheri, muna so a rubuta don kada a bar yara da rigima. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, don haka babu wanda zai ce neman rubutu rashin yarda ne.

Takardar ta ƙunshi sunayenku, da ranar saki, da kowane haƙƙi da adadinsa a lamba da kuma a rubuce, da ranakun biya, da lambar asusun da za a riƙa turawa, da abin da za a yi in ɗayanku ya rasu kafin a gama. Maza biyu adilai su sa hannu, zai fi kyau ɗaya daga danginsa, kuma a samu masu ƙuruciya a cikin shaidun, kada duka su zama tsofaffi. Kowa ya riƙe kwafi. Daga nan ku kai ta kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ku nemi alƙali ya tabbatar da ita a matsayin sulhu. Wannan ba ƙara ba ce, ku biyu za ku shiga tare ku fito tare, amma daga ranar takardar ta samu ƙarfin da za a iya zartar da ita. Kafin a sa hannu ki nuna wa lauya ko malamin da ya san aikin kotu. In kuɗin lauya ya yi miki nauyi, akwai ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa a Kano, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Kada ki manta da naki fayil ɗin. Ina da yaƙinin sunansa ne har yanzu a gurbin makusanci, wato wanda za a nema in wani abu ya same ki, a takardunki na wurin aiki da na banki, don haka kusan kowace matar aure take cikewa. Ki je ki sauya, ki sa babban ɗanki ko 'yarki. Wanda aka rubuta a gurbin nan ba shi ne mai dukiyar ba, rabon gado ne zai yi aiki, amma shi za a nema, shi zai yi ta zirga-zirgar takardu, kuma bai dace a ɗora wannan a kan mutumin da ya kafa wani gidan ba. Shi ma in sunanki ne a nasa, a tuna masa a wurin zaman.

In aka je ya ce a ba shi lokaci, a ba shi, amma a sa rana, kuma ranar ta kasance kafin ɗaurin auren, lokacin da hankalinsa da aljihunsa ba su rabu biyu ba. In ya yi ta kauce-kauce, mataki na gaba ofishin Hisba ne na ƙaramar hukumarku, suna zaman sulhu irin wannan kullum. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma in ta kai ga haka, kada ki shigar da ƙara kan rabin fansho, za ki ɓata kuɗi da lokaci ki fito hannu rabbana. Ki shigar kan kuɗin filinki da ciyar da yaranki. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa, kuma a sha'anin dukiya Malikiyya suna karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, saboda haka dillalin nan da takardar cinikin nan ki neme su tun wannan makon.